Madubin Manaja

Tun kafin su fita daga gida mai aski ya rantse shi ba zai yi kuka ba. "Ai ba yaƙi za ta ba," ya ce wa matarsa yana ɗaura wa 'yarsu takalmi. "Gidan renon yara ne fa, ga shi nan bayan layinmu." Matar ta dai dube shi irin duban wadda ta san kayanta. Ai kuwa yana miƙa 'yarsa ga matar da yaran ke kira Anti, ya ga 'yar jakar goyon nan tana lilo a bayanta, sai ga hawaye. Ya fito ya raɓe a jikin katanga yana murza ido, yana faɗa wa mai gadi cewa hayaƙin motocin nan zai makantar da mutane.

Ita kuwa wadda ake yi wa kukan ko waiwaye ba ta yi ba.

Manaja ake ce mata, kuma a shagon ubanta ta samo sunan. Tun da uwarta ta koma aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, a nan take wuni, tsakanin ƙarar injin aski da ƙamshin hoda. Takan zauna a ƙarshen benci ta harɗe hannuwa tana bin kan kowa da kallo, fuska a murtuke, sai ka ce ita ke biyan hayar wurin. Wani tsohon direba da ke zuwa kullum a gyara masa sanƙon da babu abin gyarawa a kansa, shi ya fara cewa, "A gaida Manaja," sunan kuma ya bi ta har gida. Da a son ran mai aski ne, a shagon za ta zauna har ta yi aure. Sai dai ran nan ya juya zai ɗauki buroshi, ya tarar ta jawo durowa, ga reza tsirara a hannunta, tana yi masa murmushi da haƙoranta ƙanana. Ya lallaɓa ya zare rezar daga hannunta. Shi da kansa ya ce wa matar a nemi gidan reno.

Wurin bai da laifi. Ɗaki ne mai faɗi da iska, an shimfiɗa tabarmar roba mai launi-launi, ga teburori gajeru da kujeru 'yan mitsi-mitsi, ga akwatin kayan wasa. Manaja ta shiga ta karɓe akwatin nan kamar gadon gidansu. Ba ta kuka, ba ta cizo, tana barcin rana. Abu ɗaya ne kawai: ba ta cin abinci.

Kullum kwanon da uwar ta zuba mata haka yake dawowa, shinkafa ta sandare, ƙwai ya yi sanyi, ayaba ta yi baƙi a gefe. Aka canza taliya, aka gwada dankali, aka sayo cokali mai kan agwagwa. Manaja ta karɓi cokalin ta haƙa rami da shi a tukunyar furanni. Da la'asar idan uban ya je ɗaukarta sai ya same ta laƙwas, idanu sun faɗa, ta kwantar da kai a kafaɗarsa ko "Baba" ba ta iya cewa da ƙarfi. Yana tafe yana jin rashin nauyinta a hannunsa, ransa yana ƙuna.

Wata rana Anti ta tsayar da shi a bakin ƙofa. Mace ce mai sanyin murya, wadda ta ga yara iri-iri, ba ta kuma iya ɓoye magana ba.

"Baban Manaja, wallahi ina son yarinyar nan," ta ce. "Amma ba zan iya riƙe 'yar mutane tana wuni da yunwa ba. Ruwa kawai take karɓa. Mu ƙara gwadawa zuwa ƙarshen watan nan. In ba ta fara ci ba, gara ku riƙe ta a gida har ta ƙara wayo."

A gida, wa ke nan? Shago dai an gama maganarsa tun ranar reza. Kakanni suna nesa. Saura mutum ɗaya, kuma kowa ya san ko wace ce. Maman Manaja ta sha wahalar karatun nan, ta daɗe tana jiran a kira ta aikin, ranar da ta fara sa farar rigar asibiti sai da ta tsaya a gaban madubin shagonsa tana juyi kamar amarya. Da ya faɗa mata abin da Anti ta ce, ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya bushe.

"To sai in ajiye," ta ce a hankali. "Aiki ai bai fi ta ba."

Bai taɓa jin maganar da ta yi masa ciwo irin wannan ba, don ya san da gaske take.

Ita dama ba ta yi mamakin Manaja ba. A wurinta ciyar da yarinyar nan yaƙi ne tun fil azal. Kowace yamma sai ta durƙusa a gabanta da kwano, ta yi jirgin sama da cokali, ta yi waƙa, ta yi lallashi, ta yi barazanar kiran kyanwa ta cinye. Manaja ta datse baki, ta kau da kai, in an matsa mata ta bi ƙarƙashin tebur. Loma biyu in an samu, ranar an yi sa'a. Shi kuma gogan yana kishingiɗe yana cewa, "Ni dai a wurina tana ci. Tas take cinyewa." Ta daɗe tana ɗaukar maganar a matsayin cika bakin maza, irin na wanda ya wanke kofi ɗaya ya ce shi ke riƙe da gidan.

Wannan karon da ya sake faɗa, ta ajiye kwanon da ƙarfi.

"To, sarkin masu ciyarwa, ga fili. Gobe ka je ka nuna musu."

Ya kuwa je. Da rana ta take ya bar tsohon direba yana gadin shago, ya sa rigarsa mai kyau, ya shiga gidan reno yana taku ɗai-ɗai kamar likitan da aka kira daga wani gari. Yara suna zagaye da teburi, kowa da kwanonsa. Manaja ta hango shi ta yi tsalle ta ƙanƙame masa ƙafa.

"Anti, ba ni cokalin nan," ya ce. "Abin hannu ne."

Ya zaunar da ita a kujerarta, ya durƙusa a gabanta har gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗebo shinkafa, ya washe baki.

"Manajata, ha!"

Manaja ta dube shi, ta dubi cokalin, ta datse baki.

"Haba uwata, ni ne fa. Ha!"

Ta kau da kai hagu. Ya bi ta hagu. Ta kau dama. Ya bi ta dama, zufa ta fara karyo masa. Wani yaro mai kumatu da ke zaune kusa da ita ya ga cokali yana ta yawo babu mai so, ya miƙo wuya ya cafke lomar. Ɗaki ya ɗauki dariya. Mai aski ya sake ɗebowa, ya matso da fuskarsa dab da tata, sai Manaja ta ɗaga hannu ta make cokalin. Shinkafa ta watsu a gashin bakin da ya ɓata safiya yana gyarawa.

Anti ta miƙo masa tsumma, tana cije leɓe don kar ta yi dariya.

"Sannu, Baban Manaja. Haka muke fama."

Ya koma shago a sanyaye. Tsohon direba ya dubi ƙwayar shinkafar da ta maƙale masa a gemu ya ce, "Lallai an ci abinci. Sai dai ban san wa ya ci ba." Mai aski ya share gemunsa. Abin da ke cin ransa ya wuce kunya. Ya san bai yi ƙarya ba, da idonsa ya sha ganin yarinyar nan tana suɗe kwano. To me ya canza? Wata kuma yana ta tafiya, har matarsa ta fara tambayar abokan aikinta yadda ake rubuta takardar barin aiki.

Ranar hutunta ta ƙarshen mako, Maman Manaja ta sauko shago da rana, riƙe da kwano a hannu ɗaya, yarinya a ɗaya hannun, don ta gaji da kokawa ita kaɗai a ɗaki. Babu kowa sai tsohon direba yana karanta jaridar da ta kwana biyu. Ta zauna a benci, ta ɗora Manaja a gabanta, aka fara abin da aka saba. Jirgi ya tashi, jirgi ya sauka, ba a buɗe masa ƙofa ba.

Can Manaja ta zame ta sauka. Ta taka da 'yan ƙafafunta har gaban babbar kujerar aski mai juyawa, ta bubbuga ta da tafin hannu.

"Baba. Hau."

Mai aski yana tsakiyar wanke mataji, hankalinsa na wani wuri, hannuwansa ne kawai suka yi abin da suka saba. Ya jawo katakon da yake gittawa a hannuwan kujera idan za a yi wa yara aski, ya ɗora ta a kai. Ya karkaɗe ƙyallen aski fau, ya yafa mata, ita kuma ta ɗaga haɓa ya ɗaure a bayan wuya. Ya taka kujerar ta yi sama. Ya karɓi kwanon daga hannun matarsa ba tare da ya dube ta ba, ya koma bayan yarinyar ya tsaya, ya kalli madubi.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa. Yau wane iri za a yi? A rage gefe ko a kwashe duka?"

"Duka," in ji Manaja.

Cokali ya zagayo ta saman kafaɗarta. Ta buɗe baki ta karɓa, idonta a kan yarinyar da ke cikin madubi, wadda ita ma take tauna. Ya ci gaba da hira, yana ba ta labarin tsadar man gashi da yadda zafin bana ya fi na bara, cokali yana zuwa yana dawowa. Shinkafa ta yi rabi. Ƙwai ya tafi.

Maman Manaja ta miƙe tsaye a hankali.

"Baban Manaja."

"Na'am."

"Tun yaushe kake ba ta abinci haka?"

"Haka yaya?"

"Ta baya!"

Ya dubi cokalin, ya dubi ƙeyar 'yarsa, ya dubi matarsa ta cikin madubi. Da gaskiyarsa ya ce, "To ta ina ake bayarwa?"

Tsohon direba ya sauke jarida. Shi ya fara fashewa da dariya, har da buga ƙafa a ƙasa.

"Wallahi kullum haka suke yi! Ni na ɗauka kowa ya sani!"

"Bawan Allah," matar ta ce wa mijinta, ta dafe kai, "kai ai ba abinci kake ba ta ba. Aski kake yi mata!"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Shi tunda ya koyi sana'a bai taɓa tsayawa a gaban mutum ya tsare shi da ido ba. Mai aski a baya yake tsayawa, da madubi yake magana, kwastoma kuma ya saki jiki ya kalli kansa. Ranar da aka fara bar masa yarinyar da kwano, benci duk gashi ne, sai ya ɗora ta a kujera. Ya ji tsoron ta ɓata riga uwarta ta yi faɗa, sai ya yafa mata ƙyalle. Sauran kuma hannu ne ya bi hanyar da ya sani. Manaja ta tashi a kan cewa haka mutanen kirki ke cin abinci. Duk wanda ya durƙuso mata a gaba, ya zuba mata ido, ya nufo ta da cokali, ko ubanta ne, to bai san aiki ba.

Matar ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta zauna, ta sake tashi. Daga nan dariyar ta juye, sai ga hawaye na gaske.

"Ni fa duk watannin nan na ɗauka hannuna ne ba ta so," ta ce. "Na ɗauka don ina tafiya in bar ta ne."

Mai aski ya ji kamar ya nutse. Bai taɓa sanin abin da take ɗauke da shi ke nan ba duk lokacin da yake kishingiɗe yana cika baki. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, don haka ya matsa gefe, ya miƙa mata kwanon.

"Zo ki tsaya nan. A'a, nan, bayan kunnenta. Kar ki dube ta, madubi za ki duba. Yi mata magana."

Ta share ido, ta gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ya gida? Ya yara?"

"Lau," in ji Manaja, ta hangame baki.

Loma ta shige. Uwar ta tsaya da cokali a sama tana kallon su su uku a cikin madubi. Manaja ce ta gaji da jira, ta bubbuga hannun kujera a ƙara mata.

Ranar da aka koma aiki, mutanen layin suka ga abin kallo. Mai aski ya kwance ɗaya daga cikin madubansa biyu, ya rungumo shi yana tafe a karkace, gajimare da wayoyin lantarki suna yawo a ƙirjinsa. Ƙyallen aski a kafaɗa, kusoshi a aljihu, Manaja a gaba tana jan tawaga. Mai shayi ya ɗaga murya ya ce ko an tashi shagon ne, mai aski ya ce a'a, reshe za a buɗe.

Anti ta saurari bayanin duka, hannu a haɓa.

"Gilashi a ɗakin yara?" ta ce. "In ya faɗo fa?"

Ya nuna mata katakon da ya zagaye shi, ya ɗaure shi a bango ƙasa-ƙasa daidai tsayin yaro, ya kama ya jijjiga da ƙarfinsa, ya ce ita ma ta jijjiga. Ta jijjiga, ta gamsu.

"Na ga mai cin abinci sai an kunna masa fanka, na ga mai ci sai a ƙarƙashin tebur," ta ce. "Wannan dai sabo ne. Mu gwada. Amma fita za ka yi, in tana ganinka ba mu san gaskiyar abin ba."

Da lokacin ci ya yi, yana maƙale a jikin taga ta waje, ido ɗaya a tsakanin labule. Anti ta ajiye 'yar kujera a gaban madubi, ta yafa wa Manaja ƙyalle, ta durƙusa a bayanta, ta zagayo da cokali. Manaja ta dubi madubi. Bakin nan a rufe.

Zuciyarsa ta yanke. Ya tuna farar rigar asibitin matarsa.

"Hira!" ya yi raɗa da ƙarfi ta taga. "Anti, yi mata hira! Kwastoma ba ya son shiru!"

Anti ta harari tagar, ta ja numfashi, ta dubi madubi.

"Ranki ya daɗe, ya aka ji da zafin nan?"

Manaja ta yi nazarinta ɗan lokaci, irin nazarin da take yi wa sabon kwastoma. Sannan ta ce, "Lau," ta buɗe baki.

Mai gadi ya ce bai taɓa ganin babban mutum ya yi tsalle haka ba. A nan bakin taga ya kira matarsa. Tana ɗauka ya ce, "Ta ci! Tana ci! Ga loma ta uku nan ta shige!" Ya ji ta yi wata 'yar ƙara, ya ji wata a kusa da ita tana tambaya lafiya, ya ji ta ce lafiya lau, a miƙo mata kwalbar gwaji ta gaba.

Kafin mako ya zagayo Anti ta fara ƙorafi tana dariya, wai ya mayar mata da aji shagon aski. Yaro mai kumatu ya ce shi ma sai an ɗaura masa ƙyalle. Sauran suka bi, aka ƙare da tawul-tawul a wuya, ana layi a gaban madubi, kowa sai an ce masa ransa ya daɗe. Kwano ya riƙa dawowa gida fayau. Kumatun Manaja suka ciko, wata ya ƙare babu wanda ya tuna da shi. A shago kuwa inda aka cire madubin ya bar fari a bango, mai aski yakan dube shi ya ji daɗi, don ko ba komai wani abu nasa yana can tare da ita.

Bayan an kwana biyu, wata rana da azahar Anti ta kira shi ta ce ya zo ya kwance madubinsa. Ya ajiye almakashi ya fita da gudu-gudu.

"Ta daina ci ne?" ya tambaya tun daga ƙofa.

"Leƙa ka gani."

Ya leƙa. Manaja tana zaune a tebur cikin 'yan'uwanta yara, ta ba madubi baya. Babu ƙyalle, babu kowa a bayanta. Ta damƙe cokali mai kan agwagwa a dunƙulen hannu, rabin shinkafar na shiga baki, rabi na bin riga, suna fuskantar juna da yaro mai kumatu suna gardama da bakin da su kaɗai ke ganewa. Ya daɗe a tsaye. Ba ta ma san ya zo ba.

Murna ya yi, murna sosai, amma sai da ya sake murza ido. Ya kwance madubin a hankali don kar ya dame su, ya rungumo shi ya dawo da shi ta layin da ya kai shi. Da ya mayar da shi bango ya kira matarsa.

"Manaja ta sallame ni daga aiki," ya ce.

"Ayya," ta ce tana dariya. "Ni kuma ta bar mini nawa. Ka yi haƙuri, Baban Manaja, ka yi aikinka da kyau."

Da yamma uwar ta biyo da ita shago. Mai aski yana shara, ya riga ya jingine katakon kujerar nan a bayan ƙofa. Manaja ta shigo da ragowar ayaba a hannu, ta nufi babbar kujera ta bubbuga ta.

"Baba. Hau."

Ya sunkuya zai ɗauke ta, ta ture hannunsa.

"Kai!"

Ya dubi matarsa, ya ajiye tsintsiya, ya zauna. Uwar ta yafa masa ƙyalle, ta ɗaga yarinyar ta riƙe ta a bayan kunnensa. Manaja ta murtuke fuska, ta kalli madubi, ta zagayo da ayabar da ta sha matsa ta saman kafaɗarsa.

"Ya daɗe," ta ce. "Ha."

Ya buɗe baki ya karɓa. Hawaye suna bin gemunsa yana tauna, kuma wannan karon bai ce hayaƙin mota ba ne.